Alwalar Sabitu

Gwallaga, Bauchi
Afrilu, 2024

Zuwa ga Yayata Christiana,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata kina lafiya, ke da Baban John da yara, da aikin koyarwa a can Gembu. Yaya sanyin dutse? Mu nan zafi ne kamar ya dafa mutum. Mun yi sallah lafiya. Hammajoda direba ya kawo mana fiya da ganyen shayin da kika aiko, Allah ya saka da alheri.

Za ki yi mamakin ganin takarda a wannan zamani. Na yi ta kiranki, layinku yana yankewa. Kuma kin san gidanmu, ko tari na yi sai maƙwabta sun yi mini sannu. Tun rasuwar Inna ba ni da wadda zan buɗe wa cikina sai ke, tunda uwarki da tawa ciki ɗaya suka fito.

Maganar Sabitu ce, ɗana na biyu, wanda kika bari yana rarrafe. Yanzu shekararsa goma sha ɗaya. Abin ya fara ne bayan rasuwar kakansa, Malam Babba, bara da damina. Sun shaƙu sosai, shi ke riƙe masa hannu zuwa masallaci. Sai ya ji a Islamiyya an ce sallar da alwalarta ba ta cika ba, ba a karɓarta. Daga nan ya fara daɗewa a gindin buta. Da fari murna muka yi. Babansa har nuna shi yake yi wa baƙi yana cewa, “Ga ustazun gidanmu.”

Yaya, yanzu in ya tsuguna alwala, har a idar da jam'i a masallacin ƙofar gida bai tashi ba. Ya wanke hannu, ya kai fuska, sai ya dawo farko. Hannuwansa sun tsattsage, har jini suke yi. Ruwan da 'yan garuwa suka kawo don girki da wanka, shi yake ƙarar da shi. Ina kan keken ɗinki zai ƙwala mini kira:

“Umma, kin ga na wanke gwiwar hannuna?”

In ce na gani.

“Kin tabbata? Kina kallo lokacin?”

In rantse masa. Bai kai bakin ƙofa ba zai dawo ya sake tambaya.

Rannan na gaji na fizge butar. Sai ya ce, “Umma, in ban yi daidai ba, addu'ata ba za ta kai wa Malam Babba ba. Kuma wani abu zai same ki.” Na ce wa ya gaya maka haka? Ya ce, “Ba kowa. Ni ma na san ba gaskiya ba ne, amma abin ba ya barina.” Na mayar masa da butar, na shiga ɗaki na yi kukana.

A makarantar boko kullum a makare yake zuwa, kullum sai ya sha bulala a bakin ƙofa. Yara sun sa masa suna Agwagwa. Yaron da a da sai na ja kunnensa kafin ya bar filin ƙwallo, yanzu ko waje ba ya leƙawa.

Babansa ya yi faɗa, ya yi lallashi, ran nan har ya ɗaga masa hannu, abin da bai saba ba. An yi masa ruƙiyya, ya sha rubutu, babu canji. Yanzu yana cewa in an yi hutu zai kai shi ƙauye wurin kawunsa ya zauna, ko canjin wuri zai taimaka. Ni kuwa ban ga yadda zan rabu da yaro a wannan hali ba. Wa zai yi haƙuri da shi a can?

Ke kin daɗe cikin yara. Kin taɓa ganin irin wannan? Ki ba Hammajoda amsa in zai dawo. Na sa miki yajin daddawa da ƙuli-ƙuli a leda.

Taki ƙanwa,
Maimuna

*

Gembu
Mayu, 2024

Maimuna ƙanwata,

Muna lafiya, sai Baban John da ƙafarsa ke ɗan damunsa. Yaji ya iso, yara sun kusa cinye ƙulin kafin in shigo gida. Ki yi haƙuri da rubutuna, a tasha nake, Hammajoda ya riga ya tayar da mota yana yi mini oda.

Na karanta takardarki, hankalina ya tashi. E, na taɓa ganin irinsa. Wannan ba taurin kai ba ne, ba kuma ibada ba ce. Ciwo ne, kuma yana da magani. Kada ku kai shi ƙauye, kada a sake dukansa. Ku kai shi babban asibiti, ku nemi sashen likitocin ƙwaƙwalwa, ku ce yaro ne. Kada sunan wurin ya ba ki tsoro. Ku taimake shi ya rabu da wannan alwalar kafin ta cinye shi.

Ki ce masa Gwaggonsa ta kan dutse tana gaishe shi, tana kuma yi masa addu'a. Zan rubuto doguwa in na zauna.

Yayarki,
Christiana

*

Bauchi
Mayu, 2024

Zuwa ga Malama Christiana,

Bayan gaisuwa, ina fata iyali suna lafiya. Allah ya ba maigida sauƙi.

Ni ne Umar, mijin ƙanwarki. Direba ya kawo takardarki shagona a kasuwar Wunti. Na ga sunana a bayanta tare da na Maimuna, shi ya sa na buɗe.

Tun da na auri Maimuna ban taɓa hana ta zumunci da danginta na Bogoro ba. Bikinku namu ne, makokinku namu ne. Ban taɓa sa baki a addininku ba, ban kuma zaci za a wayi gari ki sa baki a namu ba. Kin rubuta cewa abin da yaro yake yi ba ibada ba ce, kin ce a raba shi da alwala. Malama, Musulmi ba ya rabuwa da alwala sai ranar da aka yi masa ta ƙarshe.

Sannan kin ce a kai shi wurin masu taɓin hankali. Ɗana ba mahaukaci ba ne. Yana da hadda, lissafinsa ya fi na yayansa. A unguwa irin tamu, in aka gan shi a wannan layi sau ɗaya, sunan zai bi shi har ranar da zai nemi aure, ya bi ƙannensa mata.

Na san da kyakkyawar niyya kika rubuta, don haka ban riƙe ki a zuciya ba. Amma ina roƙon a bar wannan magana a nan. Na gaya wa Maimuna haka.

Wassalam,
Umar Sabitu

*

Gembu
Yuni, 2024

Zuwa ga Malam Umar,

Barka da Babbar Sallah, Allah ya maimaita mana. Takardarka ta daɗe a hanya, ruwa ya ɓata hanyar hawan dutse, motoci ba sa zuwa sosai. Kada ka ɗauka fushi ne ya sa na yi shiru.

Na sake tuna abin da na rubuta a tasha, na ga yadda zai shiga kunnenka. Gajerta magana ce ta jawo. Bari in faɗe ta da tsawonta.

Malam, a ɗakin Inna na zauna a Gwallaga lokacin da nake kwaleji. Ita ke tashina ranar Lahadi in tafi sujada, ni ke cika mata buta da asuba. Ni ba zan ce a raba ɗanka da sallah ba. Abin da nake nufi, yanzu ma ai an raba shi da ita. Maimuna ta ce har a idar da jam'i yana tsugune. Ni so nake ya yi alwala irin taka, ya tashi ya bi ka masallaci.

Akwai wata yarinya a ajina shekarun baya, Jemima, 'yar mai wa'azi. Na nemi izinin uwarta kafin in ba ka labarinta. Ita addu'ar cin abinci ce ta kama ta. Ta rufe ido ta fara, in wani tunani ya gifta mata sai ta koma farko, har abinci ya huce, har ta rame kamar kara. Tana tsoron in ta yi kuskure babanta zai mutu. An yi mata azumi, an kai ta wurin addu'a, abin yana nan. Sai wata nas a cocinmu, Agnes, ta ce a kai ta Jalingo. Likita ya ce ciwon damuwa ne da ke sa mutum maimaita abu ba da sonsa ba, kuma ya fi kama abin da yaro ya fi ƙauna. Ka ga ita Kirista ce, naka Musulmi. Ciwon bai tambayi addininsu ba. Yau Jemima tana jami'a, tana kuma addu'arta lafiya.

Maganar hauka kuwa, ni ma ban ce mahaukaci ba ne. Ai shi da bakinsa ya ce ya san ba gaskiya ba ne, amma abin ba ya barinsa. Yaro ne mai hankali da ke shan wahala shi kaɗai. Tsoron bakin mutane da kake yi gaskiya ne, na san unguwar. Sai dai sun riga sun sa masa suna, kuma bai je asibitin ba.

Ba na ce ka ɗauki maganata ba. Abu biyu nake roƙo. Ka zauna ka kalle shi yana alwala daga farko har ƙarshe, ba tare da ka yi magana ba. Sannan ka je wurin malamin da ka fi yarda da iliminsa, ka gaya masa abin da ka gani. Duk abin da ya ce, kai ne uba.

In bayan haka ka ce in yi shiru, zan yi. Amma ba zan daina tambayar lafiyarsa ba, don ni ma ɗana ne.

Ka gaida Maimuna da yara.
Christiana Zakka

*

Gwallaga
Agusta, 2024

Yayata ta kaina,

Ina gaisuwa, ina kuma neman gafarar shiru. Muna lafiya, damina ta yi albarka, har ɗakin girki ya fara yoyo. Yaya ƙafar Baban John?

Takardarki ta iso, Malam ya karanta a shago, ya dawo gida. Na ga dai ya rage cin tuwo. Ranar Juma'ar da ta biyo baya ya shirya, ya sa turare, amma bai fita ba. Ya jawo kujera ya zauna a bakin ƙofar ɗakinsa. Sabitu yana gindin buta. Ni ina ɗaki ina leƙensu ta labule. Aka yi kiran farko, unguwa ta yi tsit, kowa ya tafi, yaro yana wanke hannu ɗaya yana kuka marar sauti. Can sai Malam ya tashi ya tsuguna kusa da shi, ya kama hannuwan ya juya su yana dubawa. Yaya, tun da nake da shi, ko ranar da aka binne mahaifinsa ban ga hawayensa ba, sai ranar.

Washegari ya je wurin limamin unguwarmu. Liman ya ce masa, “Wannan waswasi ne. Malamai sun daɗe da yin magana a kansa. Wanda shakka ta yi wa yawa, hukuncinsa ya yi watsi da ita, alwalarsa ta yi ko da zuciyarsa ta ce ba ta yi ba. Amma in ta kai yaro ga jini a hannu, Umar, ka haɗa da likita. Neman magani ba ya rage imani.”

Duk da haka ya yi ta jan ƙafa saboda idon mutane. Yaya Zubaida ce ta ƙarasa aikin, yayarsa da ke aure a Fadaman Mada. Ta zo da safe da keke, ta ce wa mai keken ya jira. Ta ce, “Umaru, ko ka shigo mu tafi, ko ni in kai shi, in aka tambaye ni ina ubansa in ce yana gida yana jin kunya.” Kin san ba ya iya musu da ita. Haka muka matsu mu huɗu a keke ɗaya.

Ni na zaci zan ga mutane ɗaure da sarƙa. Sai na tarar da benci, da mata da yara irinmu, kowa riƙe da katinsa. Likitar mace ce. Ta fara ganin Sabitu shi kaɗai, sannan ta kira mu. Ya fito yana ce mini, “Umma, ta ce akwai yara da yawa irina. Har ta san abin da zan faɗa kafin in faɗa.” Na daɗe ban ga fuskarsa ta saki haka ba.

Amma aikin da ta ba mu, ni ya fi yi wa wuya. Ta ce duk lokacin da ya tambaye ni ko ya wanke na ce e, ciwon nake ciyarwa. Ta koya mini in ce, “Wannan tambayar waswasi ce, ni Sabitu kawai nake amsawa.” Malam kuma zai riƙa alwala tare da shi, gaɓa da gaɓa, in sun gama su ajiye buta su tashi. Ta ce a fara da sallah ɗaya a yini, a ƙara a hankali.

Satin farko na yi zaton mun ɓata abin gaba ɗaya. Ya yi ihu, ya kwanta a ƙasa, ya ce mini, “Ke ba kya sona, so kike in shiga wuta.” Na je na kama ƙofar ɗaki na riƙe don kada bakina ya kuɓuce. Yaya Zubaida ta dawo gidanmu da kwana, duk lokacin da ta ga zan karaya sai ta tura ni gidan maƙwabta. Da muka koma asibiti likita ta ce haka abin yake, tsoron yana hawa ne sannan ya sauka da kansa in ba a biye masa ba. Ta ƙara masa da ɗan magani.

Yanzu Magariba da Isha a masallaci yake yinsu, hannunsa cikin na babansa. Asuba ce har yanzu ake fama. Maganar ƙauye ta mutu, ba wanda ya sake tayar da ita.

Malam ya san ina rubuto miki. Da na gaya masa, sai ya ce, “Ki gaishe ta.” Ya kai ƙofa ya juyo ya ce, “Da kyau.”

Ban san da wane baki zan gode miki ba. Allah ya raya miki John da ƙannensa, ya sa su ji ƙanki.

Maimuna

*

Gembu
Oktoba, 2024

Maimuna,

Lafiya kuwa? Takardarki ta Agusta na karanta ta a ofishin malamai, na yi ta share hawaye har aka tambaye ni ko rasuwa aka yi. Na ba ki amsa a satin, na kuma sake aikowa, shiru. Hammajoda ya ce yana ajiye saƙo a shago, Malam yana karɓa da fara'a, amma ba a ba shi komai.

Zuciyata tana ta saƙe-saƙe. Ko jikin yaron ne ya tashi? Ko na sake faɗin abin da ya ɓata wa Malam rai? In jikin ne, kada ki ji kunyar gaya mini. Jemima ma ta yi ta faɗuwa tana tashi, ba a miƙe ake warkewa ba.

An koma makaranta. Me kuka yi game da bulalar nan? Ita ce ta tsaya mini a rai.

Ƙafar Baban John da sauƙi, har ya koma gona. Ko layi biyu ne ki rubuto.

Yayarki

*

Gwallaga
Oktoba, 2024

Yaya Christiana,

Ki yafe mini, wallahi ba ki yi komai ba. Kin canka daidai, jikin ne ya tashi, ni kuma na kasa ɗaukar biro bayan na riga na ba ki labari mai daɗi. Sauran yara lafiya lau.

Ana komawa makaranta abin ya dawo. Tsoron makara yana sa shi rikicewa da asuba, rikicewar tana sa shi makara. Aka ci gaba da dukansa, duk da na je da kaina na roƙi malamin da ke tsaron ƙofa. Ya ce doka ba ta san ɗan wani ba. Har abin ya shiga rubutunsa, yana gogewa yana sakewa sai takarda ta huje. Daga ƙarshe shugaban makaranta ya aiko a kira Malam, ya ce gara mu nema masa wani wuri, wai yana ɓata musu tsari.

Malam ya dawo ransa a ɓace. Na ce mu canza makarantar kawai mu huta. Sai Sabitu da ke cin abinci a gefe ya ce, “Abba, a can ma za a doke ni. Kuma abokaina suna nan.”

Likita ta rubuta mana bayani zuwa ga makaranta. Shugaban ya karɓa ya ce zai duba, shiru. Ana nan sai aka kira taron iyaye da malamai. Malam ya ce zai yi magana a can. Na ce a gaban mutane? Ya ce sai in Sabitu ya yarda. Ya kira shi ya tambaye shi. Yaron ya ce, “Ka faɗa. Ai gara su san ciwo ne da su ce iskanci nake yi.”

Muka tafi mu uku da Yaya Zubaida. Aka gama maganar rufin aji da ta littattafai, aka ce ko akwai mai ƙarin bayani. Malam ya miƙe. Ya ce, “Sunana Umar, ni ne uban yaron da 'ya'yanku suke kira Agwagwa.” Wasu suka fara dariya, suka ga fuskarsa suka haɗiye. Ya ce, “Ɗana yana da ciwon damuwa, yana ganin likita, yana samun sauƙi. Ni ma na doke shi kafin in sani. Da yana da ciwon sikila ya makara, ba wanda zai ɗaga masa bulala. Ba na ce a ɗaga masa doka har abada ba. A ba shi lokaci zuwa ƙarshen zango, a daina dukansa, ku gani.”

Wani uba ya ce in aka fara haka kowane malalaci zai kawo takardar likita. Yaya Zubaida ta ce daga inda take zaune, “To in ya kawo a karanta mana, ai don haka aka yi makaranta.” Wuri ya kaure da surutu. Sai malamar ajinsu, wadda ban taɓa jin muryarta ba, ta tashi ta ce ita ta yarda, za ta riƙa karɓarsa a bakin ƙofa da kanta. Shugaban ya ga iyaye sun fi karkata can, ya ce a gwada zuwa ƙarshen zango. Ba da son ransa ba, amma ya faɗa a gaban kowa.

Muna fita wata mata ta biyo ni har bakin titi, sunanta Eunice, daga Tirwun take. Ta kama mayafina ta yi ƙasa da murya ta ce 'yarta Anita kullum sai ta yi amai in za ta makaranta, an yi gwaji duka ba a ga komai ba. Ta ce, “Wace rana kuke zuwa asibitin?” Na ce Talata. Ta zo kuwa. Yanzu tare muke zama a bencin.

Tun da aka daina dukan, asubar ta fara sauƙi. Akwai wata maƙwabciya da ta hana ɗanta wasa da shi, wannan kam ya yi mini ciwo. Amma masu tambayarsa da alheri sun fi yawa.

Sabitu ya ce in tambaye ki, wai gaskiya ne a garinku gajimare yana shiga ɗaki?

Taki,
Maimuna

*

Bauchi
Nuwamba, 2024

Zuwa ga Yaya Christiana,

Assalamu alaikum. Ina gaida ke da maigida da yara. Mun ji ƙafa ta yi sauƙi, mun gode Allah. Nan kowa lafiya.

Ni ba gwanin rubutu ba ne, kin riga kin ga irin nawa. Amma akwai abin da ya faru shekaranjiya da na ce wa Maimuna ni zan ba ki labarinsa da hannuna.

Na dawo daga kasuwa gab da Magariba, ban tarar da Sabitu a gida ba. Aka ce yana filin ƙwallo. Har an fara kiran sallah sai ga shi a guje, ƙafa duk taɓo, riga ta yage a kafaɗa. Ya fizgi buta ya yi alwala fyat-fyat, irin ta yaran da ake kora masallaci da tsawa. Kafin in gama wanke nawa hannun ya ajiye buta ya nufi ƙofa.

Yaya, sai na ji bakina ya buɗe zan ce, “Kai, dawo ka wanke da kyau.” Maganar ta zo har kan harshena. Na ɗaga kai muka haɗa ido da Maimuna, tana tsaye da ludayi a hannu, ta zaro mini ido. Na rufe bakina.

Daga zaure ya ɗaga murya ya ce, “Abba, ka yi sauri mana, za ka sa mu rasa raka'a!”

Ni na rasa ta. Shi ya samu sahun gaba.

Likita ta ce kada mu saki jiki, abin yana iya leƙowa lokacin jarrabawa ko in wani abu ya tayar masa da hankali. Jiya ma da asuba ya ɗan tsaya, ya kalli butar, ya kalle ni, sannan ya tashi. In ciwon ya dawo, yanzu mun san shi, mun san hanyar asibiti, kuma ba shi kaɗai zai tare shi ba.

Na rubuta miki magana mai kaushi, kika amsa mini da mutunci, ba ki kuma janye hannunki daga ɗana ba. Allah ya saka miki da alheri, ya tsare miki zuriya. Na gode.

Na ba Hammajoda atamfa biyu, ɗaya taki, ɗaya ki kai wa uwar Jemima. Ki ce mata daga wani uba ne a Bauchi.

Ƙaninki,
Umar